Me Ya Kai Amurka Yaƙin Biyetnam? Tambayoyi da Amsoshi

Tsakanin Washinton da Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu a wancan zamani, akwai tafiyar dubban kilomita, ga teku mafi faɗi a duniya a tsakani. Biyetnam ba ta taɓa kai wa Amurka hari a gida ba, a lokacin ba ta da jirgin da zai kai can ma. Duk da haka, a watan Afrilun 1969 sojojin Amurka da ke ƙasar sun kai 543,000. Waɗannan su ne tambayoyin da mai karatu kan yi idan ya ci karo da wannan labari, tare da amsoshinsu gwargwadon abin da tarihi ya tabbatar.

Kafin Amurka ta shigo, wa ke riƙe da Biyetnam?

Faransa. Ta fara kutsawa a 1858 da hari kan tashar ruwan Da Nang, a 1887 ta kafa mulkin da ta kira Indochina, wanda daga baya ya haɗa Biyetnam da Kambodiya da Laos. Roba da shinkafa da kwal take kwasa, talakawa kuma na biyan haraji da aikin dole, abin da duk wanda kakanninsa suka zauna ƙarƙashin Bafaranshe ya san irinsa. A 1940 sojojin Japan suka shigo, suka bar Faransawa da sunan mulki har watan Maris na 1945, sannan suka ture su gaba ɗaya. A wannan tsakanin aka yi wata muguwar yunwa a arewacin ƙasar, wadda ta kashe dubban ɗaruruwan mutane.

Cikin wannan hali ƙungiyar Viet Minh ta taso. Ho Chi Minh ya kafa ta a 1941, da manufar korar Japan da Faransa duka.

Gaskiya ne Amurka ta taɓa zama abokiyar Ho Chi Minh?

Gaskiya ne, na ɗan lokaci. A 1945 jami'an leƙen asirin Amurka sun sauka da lema a dazukan arewa, suka ba mayaƙan Viet Minh makamai da horo domin yaƙar Japan. Ranar 2 ga Satumba, 1945, da Ho ya tsaya a dandalin Ba Dinh da ke Hanoi ya ayyana 'yancin kai, da kalmomin takardar 'yancin Amurka ta 1776 ya buɗe jawabinsa, inda aka ce dukan mutane daidai aka halicce su. Bayan haka ya aika wa Shugaba Truman wasiƙu yana roƙon Amurka ta hana Faransa dawowa. Ba a ba shi amsa ko ɗaya ba.

Faransa ta dawo. A Nuwamban 1946 jiragen ruwanta suka yi wa birnin Haiphong ruwan wuta, a Disamba yaƙi ya ɓarke sosai.

To me ya sa Amurka ta bi bayan Faransa, alhali ita ma daga mulkin mallaka ta fito?

A nan tushen maganar yake. A shekarun farko bayan Yaƙin Duniya na Biyu hankalin Amurka na Turai ne. Tana tsoron Tarayyar Sobiyet, tana kuma buƙatar Faransa a gefenta: jam'iyyar kwaminis ta Faransa na da ƙarfi ƙwarai a lokacin, ana shirin kafa ƙungiyar tsaro ta NATO, ana son Faransa ta yarda a sake tayar da Jamus ta Yamma. Ɓata wa Faransa rai a kan wata ƙasa mai nisa, wadda galibin Amurkawa ba su iya nuna ta a taswira ba, bai zama abin yi a wurinsu ba. A Maris 1947 Truman ya shelanta cewa Amurka za ta tallafa wa duk al'ummar da kwaminisanci ke neman haɗiyewa. Girka da Turkiyya yake nufi a ranar, amma maganar ta zama mizanin da aka riƙa auna ko'ina da shi.

Sai abubuwa suka zo a jere. Agusta 1949, Sobiyet ta gwada bam ɗin nukiliyarta na farko. Oktoba 1949, Mao Zedong ya karɓe ƙasar Sin. Janairu 1950, Sin da Sobiyet suka amince da gwamnatin Ho Chi Minh. Wata ɗaya bayan haka Amurka ta amince da gwamnatin Bao Dai, tsohon sarkin da Faransa ta ɗora a Saigon. A watan Mayu ta sanar da taimakon soja ga Faransawa, a watan Yuni kuma Koriya ta Arewa ta afka wa ta Kudu. Daga nan mahukuntan Washinton suka daina kallon abin da ke faruwa a Biyetnam a matsayin mutanen da ke neman raba kansu da Bature. Suka ɗauke shi wani fage ne na yaƙi ɗaya da Mosko ke jagoranta a faɗin duniya. Zuwa 1954, kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin yaƙin Faransa daga aljihun Amurka yake fitowa.

Akwai kuma siyasar gida, wadda ake yawan mantawa da ita. Da Sin ta faɗa hannun Mao, 'yan jam'iyyar Republican suka yi ta tuhumar gwamnatin Truman da cewa ita ta yi sakaci. Sanata Joseph McCarthy ya tashi a 1950 yana zargin ma'aikatar harkokin waje da ɓoye 'yan kwaminis. An kori ƙwararru da dama da suka san Asiya daga aiki, wasu kuma suka kama bakinsu. Darasin da kowane ɗan siyasa ya ɗauka shi ne, duk wanda wata ƙasa ta suɓuce a zamaninsa, kashinsa ya bushe. Lyndon Johnson yana Majalisar Dattawa a shekarun nan, da idonsa ya ga abin da aka yi wa Truman, kuma bai manta ba.

Ho Chi Minh ɗan kwaminis ne ko ɗan kishin ƙasa?

Duka biyun. Yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar kwaminis ta Faransa a 1920, ya yi karatu a Mosko, ya yi wa ƙungiyar kwaminis ta duniya aiki shekaru da yawa. Jam'iyyarsa ta kawar da abokan hamayya na kishin ƙasa da ba su bi ta ba, kuma rabon filaye da aka yi a Arewa tsakanin 1953 da 1956 ya ci rayukan dubban mutane da aka laƙaba wa sunan masu ƙasa, har gwamnatin da kanta ta amsa an wuce gona da iri. Wanda ya ce tsoron Amurka ba shi da tushe ko kaɗan bai yi adalci ba.

Kuskuren yana wajen ɗaukarsa ɗan aiken Beijing. Biyetnam ta yi kusan shekara dubu ƙarƙashin mulkin Sin kafin ta ƙwaci kanta a ƙarni na goma, kuma jarumawan da yaranta ke tashi da labarinsu waɗanda suka yaƙi Sinawa ne. Manomin da ya ɗauki bindiga a bayan Ho, korar baƙo daga gonarsa ya fi damunsa fiye da littattafan Marx. Wannan ne Washinton ta kasa gani, ko ta gani ta kau da kai.

Mece ce "ka'idar domino" da ake yawan ambata?

Ranar 7 ga Afrilu, 1954, Shugaba Eisenhower ya kawo misalin a gaban 'yan jarida. Ka jera tubala a tsaye kusa da juna, ka ture na farko, sauran za su bi shi har na ƙarshe. Idan Indochina ta faɗi, in ji shi, Bama da Tailan da Malaya da Indunusiya za su bi, daga nan barazanar ta kai Japan da Filifin da Ostareliya. Mu da muke cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, ba za mu rasa gane wannan tunani ba. Matsalarsa ita ce yana ɗaukar ƙasashe kamar tubalan da aka buga a ma'auni ɗaya, alhali kowace da tarihinta, da addininta, da irin mutanen da ke mulkinta.

A ƙarƙashin misalin akwai wani tsohon rauni. Shugabannin Amurka na wancan zamani duk sun ga 1938, lokacin da Ingila da Faransa suka sallama wa Hitler wani yanki na Chekoslobakiya a Munich don a zauna lafiya, shekara guda bayan haka yaƙi ya ci duniya. Sun fito da imanin cewa mai zalunci in ka ba shi taku ɗaya sai ya nemi goma. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Da wannan idon suka kalli Ho Chi Minh.

Akwai 'yan Afirka a yaƙin?

A yaƙin Faransa akwai su da yawa. Faransa ta kwaso dubban sojoji daga Maroko da Aljeriya da ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da take mulka, ta tura su su yaƙi mutanen da ke neman irin 'yancin da su ma ba su samu ba. Jean-Bédel Bokassa, wanda daga baya ya mulki Afirka ta Tsakiya, yana cikinsu. Faɗuwar Faransa a can ta ƙarfafa gwiwar masu neman 'yanci a wannan nahiya: watanni shida bayan Viet Minh sun ci sansanin Faransawa na Dien Bien Phu, a Nuwamban 1954, yaƙin Aljeriya ya fara.

Da aka ci Faransa a 1954, me ya hana Amurka ta kakkaɓe hannunta?

Dien Bien Phu ta faɗi ranar 7 ga Mayu, 1954, bayan Janar Vo Nguyen Giap ya sa an ja manyan bindigogi da ƙarfin mutane zuwa kan duwatsun da ke kewaye da sansanin Faransawa. Faransa ta roƙi Amurka ta kawo jiragen sama. Eisenhower ya ƙi, domin shugabannin majalisa sun ce sai da ƙawaye, Ingila kuma ta ce ba da ita ba. A wannan karon an yi hankali.

A taron Jeniba na watan Yuli aka raba ƙasar gida biyu na wucin gadi, da alkawarin zaɓe a 1956 wanda zai sake haɗe ta. Amurka ba ta sa hannu ba, gwamnatin Saigon ma haka. Kusan mutum miliyan ɗaya, galibinsu Katolika, suka yi ƙaura daga Arewa zuwa Kudu, jiragen ruwan Amurka na taya jigila. A Satumba aka kafa ƙungiyar tsaro ta SEATO a Manila, wadda ta shimfiɗa lemarta a kan Biyetnam ta Kudu. Zaɓen 1956 kuwa ba a yi shi ba. Eisenhower da kansa ya rubuta daga baya cewa da an yi zaɓe lokacin yaƙin, mai yiwuwa kashi 80 cikin 100 Ho za su zaɓa a kan Bao Dai.

Maimakon zaɓe, Amurka ta zuba kuɗi da makamai a bayan Ngo Dinh Diem, shugaban gwamnatin Kudu. Mutum ne mai kishin ƙasa, bai yi wa Faransa fadanci ba, amma Katolika ne a ƙasar da mabiya addinin Buddha suka fi yawa, kuma danginsa kaɗai ya yarda da su. A ƙuri'ar raba gardama ta Oktoban 1955 ya ce ya samu kashi 98.2, a Saigon ma ƙuri'un da aka ƙirga sun fi masu rajista yawa. A ganina a nan Amurka ta ɗaure kanta. Daga ranar da ta ce Biyetnam ta Kudu ƙasa ce, kuma ita ce mai tsaya mata, faɗuwar Saigon ta zama faɗuwar maganar Amurka. Duk shugaban da ya zo bayan haka ya tarar da alkawari a ƙasa, ya ƙara masa nauyi, ya miƙa wa na gaba.

Wace rawa Kennedy ya taka?

Shekararsa ta farko ta zo masa da tuntuɓe. A Afrilun 1961 harin da aka shirya wa Kuba ya watse a bakin teku, a Yuni shugaban Sobiyet Khrushchev ya yi masa tsawa a Biyana, a Agusta aka gina katangar Balin, a Laos kuma ya yarda da sulhu. Ya ji ba zai iya sake ja da baya a wuri na biyar ba. A lokacin an riga an kafa ƙungiyar 'yan tawayen Kudu, wadda aka fi sani da Viet Cong, a Disamban 1960, kuma Arewa ta fara buɗe hanyar daji ta cikin Laos tun 1959 tana turo mutane da makamai.

Kennedy ya ƙi tura rundunar yaƙi, amma ya ƙara yawan sojojin da ake kira masu ba da shawara daga ƙasa da dubu ɗaya zuwa sama da 16,000, da jirage masu saukar ungulu. A 1963 rikici ya tashi tsakanin Diem da mabiya Buddha bayan an hana su ɗaga tutarsu a birnin Hue, sojoji suka kashe mutane. Ranar 11 ga Yuni wani dattijon malaminsu, Thich Quang Duc, ya zauna a tsakiyar titi a Saigon ya cinna wa kansa wuta. Hoton ya zaga duniya. Washinton ta nuna wa janar-janar ɗin Kudu cewa ba za ta hana juyin mulki ba, suka yi shi ranar 1 ga Nuwamba, washegari aka kashe Diem da ƙanensa Nhu. Mako uku bayan haka aka harbe Kennedy a Dallas. Saigon ta shiga juyin mulki bayan juyin mulki, kuma da yake da hannun Amurka a abin da ya jawo haka, tafiya ta ƙara yi mata wuya.

Me ya faru a Mashigin Tonkin? Ƙarya aka yi?

Ranar 2 ga Agusta, 1964, ƙananan jiragen ruwan Arewa sun kai wa jirgin yaƙin Amurka mai suna Maddox hari. Wannan ya faru. Abin da ba a gaya wa jama'a ba shi ne jirgin na aikin leƙen asiri ne, kuma a kwanakin nan mayaƙan Kudu, da shirin Amurka, suna kai farmaki a gaɓar tekun Arewa. Ranar 4 ga wata da dare aka ba da rahoton hari na biyu. Kwamandan da ke wurin ya aiko da shakkunsa cikin sa'o'i kaɗan, yana cewa yanayi mara kyau da ruɗanin na'ura na iya zama sanadi. Binciken da hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka ta saki a 2005 ya nuna ba a kai wani hari a daren ba.

Johnson, wanda ya gaji Kennedy a shugabanci, bai jira ba. Ya sa aka kai hari ta sama, ya kuma kai wa majalisa ƙudurin da ya ba shi ikon ɗaukar duk matakin da ya ga ya dace. Ranar 7 ga Agusta Majalisar Wakilai ta amince da ƙuri'a 416 babu mai adawa, ta Dattawa 88 da 2. Wayne Morse da Ernest Gruening ne suka ƙi. Da wannan takarda aka yi yaƙin, ba tare da majalisa ta taɓa ayyana yaƙi a hukumance ba.

Yaushe sojojin ƙasa suka shiga, kuma ba wanda ya yi gargaɗi?

A yaƙin neman zaɓen 1964 Johnson ya yi alkawarin ba zai tura samarin Amurka su yi aikin da ya kamata samarin Asiya su yi wa kansu ba. Ya ci zaɓe da gagarumin rinjaye. A Fabrairun 1965 Viet Cong suka kai hari sansanin Amurkawa a Pleiku, ranar 2 ga Maris aka fara luguden bama-bamai a kan Arewa, ranar 8 ga Maris sojojin ruwa 3,500 suka sauka a Da Nang don gadin filin jirgin sama. Masu gadi suka buƙaci masu tsare su, kwamandan sojojin Amurka a can, Janar Westmoreland, ya nemi ƙari, zuwa ƙarshen shekara sun haura 180,000.

An yi gargaɗi, kuma daga cikin gida. George Ball, mataimakin sakataren harkokin waje, wanda ya ga yadda Faransa ta ƙare, ya rubuta a 1964 cewa wanda ya hau bayan damisa ba shi da tabbacin zaɓar inda zai sauka. Shugaba de Gaulle na Faransa ya ba da shawarar a mai da yankin 'yan ba ruwanmu. Harold Wilson na Ingila ya ƙi ba da soja ko ɗaya. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne Johnson da kansa. A wata hira ta waya da aka naɗa a Mayun 1964, ya gaya wa mai ba shi shawara McGeorge Bundy cewa bai ga abin ya cancanci a yi yaƙi a kansa ba, kuma bai ga hanyar fita ba. Ya san ramin, ya kuma shiga, saboda tsoron a ce shi ne shugaban da ya fara faɗuwa a yaƙi, da tsoron 'yan adawa su rusa masa dokokin yaƙi da talauci da na 'yancin baƙar fata da yake turawa a majalisa.

Ba dukiyar ƙasar suke kwaɗayi ba?

Tana cikin lissafi, amma a gefe. Eisenhower ya ambaci kuza da roba na yankin, kuma ana son Japan ta samu kasuwa a kudu maso gabashin Asiya don kada ta karkata ga Sin. Sai dai abin da aka kashe a yaƙin ya ninka duk wata riba da za a iya samu daga Biyetnam sau da yawa.

To, a cikin duk waɗannan dalilai, wanne ya fi nauyi?

Gwamnatin ta amsa wannan da hannunta. A Maris 1965 John McNaughton, ɗaya daga cikin mataimakan sakataren tsaro Robert McNamara, ya rubuta takardar sirri yana rarraba manufofin Amurka. Kashi 70 cikin 100 domin kauce wa shan kaye mai zubar da mutunci. Kashi 20 domin hana yankin faɗawa hannun Sin. Kashi 10 domin mutanen Biyetnam ta Kudu su samu rayuwa mai kyau da 'yanci. Takardar ta fito fili a 1971 cikin kundin sirrin ma'aikatar tsaro da Daniel Ellsberg ya miƙa wa jaridu.

Ba na raina hujjar da ke bayan kashi 70 ɗin. Suna ganin in Amurka ta saɓa alkawari a Saigon, Jamusawan Balin da Japanawa za su daina yarda da kariyarta, Mosko kuma ta samu ƙwarin gwiwar gwada ta a wurin da ya fi haɗari. Amma ina ganin babban zalunci ne a mai da ƙauyukan wasu mutane wurin kare kwarjini, alhali masu yanke hukuncin sun san nasara ba ta kusa. Mutanen da aka ce an zo ceto su ne aka ba kashi goma, kuma a kan gonakinsu aka zubar da bama-baman.

Daga ƙarshe tubalan sun faɗi kamar yadda aka ji tsoro?

Uku sun faɗi. Bayan yarjejeniyar Paris ta Janairun 1973 sojojin Amurka suka fice, Saigon ta faɗi ranar 30 ga Afrilu, 1975, Kambodiya da Laos ma suka koma hannun 'yan kwaminis a shekarar. A Kambodiya 'yan kwaminis na Khmer Rouge suka yi kisan da ya ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na al'umma, daga Biyetnam kuma dubban ɗaruruwa suka tsere ta teku cikin kwale-kwale. Tailan, Malesiya, Singafo, Indunusiya da Filifin ba su faɗi ba. Wasu, ciki har da Lee Kuan Yew na Singafo, sun ce yaƙin ne ya saya musu lokaci. Masana da dama na ganin abubuwan cikin gidansu ne suka tsare su.

Dunƙulalliyar rundunar kwaminis da aka ji tsoro kuwa ta tarwatse da kanta. Biyetnam ta mamaye Kambodiya a ƙarshen 1978 ta kori Khmer Rouge, Sin ta afka wa Biyetnam a Fabrairun 1979. Amurkawa sama da 58,000 suka mutu a yaƙin. A 1995 gwamnatin Hanoi ta ce ta rasa mayaƙa kimanin miliyan 1.1 da fararen hula kusan miliyan 2. A wannan shekarar McNamara ya fito ya ce sun yi kuskure, mummunan kuskure, kuma a watan Yulinta ƙasashen biyu suka ƙulla hulɗar jakadanci.